Abinci na lalacewa a ɗakinmu na makaranta, ya kuke yi?

Ɗalibar aji biyu:
Assalamu alaikum. Mu huɗu ne a ɗaki, kowa da tukunyarta da rishonta. Jiya da safe na buɗe dafa-dukan da na yi da daddare, na tarar shinkafar ta yi yauƙi tana tashin tsami. Kusan gwangwani biyu na kai bola, har da kifin ciki. Wallahi sai da na ji kunyar Umma, don na san da ƙyar ta haɗa min kayan abincin nan. A gida girkin mutum tara na saba, hannuna bai iya awon mutum ɗaya ba. Tumatir da attaruhu kuma kwana uku sun ruɓe a leda, ga zafi, ga babu firji. Abin da ya fi ci min rai, farkon wata muna zubarwa, ƙarshen wata sai garin kwaki da taliya. Nakan yi sati ban ga ganye a kwanona ba. Ya kuke yi?

Tsohuwar ɗaliba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tukunya huɗu a ɗaki ɗaya ita ce matsalar. Mu karo-karo muka yi, kullum mutum ɗaya ke girkin dare, a cinye tas. Ki ce Umma ta rage ɗanyen kayan miya, ta ƙaro miki kauɗar tumatir, kuka, busasshiyar kuɓewa da zogale. Waɗannan har ƙarshen zango suna nan, kuma su ne za su riƙe ki lokacin da aljihu ya bushe. Ƙanzo ma kar ki jiƙa ki zubar, ki shanya shi, ran da babu ki yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Mai karatun kimiyyar abinci:
'Yar'uwa, gara da kika zubar da waccan. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da dafuwa ba ta gamawa da ita a shinkafa. Idan shinkafar ta kwana a zafi sai ta yaɗu ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kashe wannan gubar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi. Don haka ina roƙo, kada a jira sai ya fara tsami sannan a nemi almajiri. In kin ga ya yi yawa, ki zuba masa da zafinsa tun da daddare.

Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce abincin da aka zubar a 2022 ya haura tan biliyan 1, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje ne, alhali a shekarar mutum miliyan 783 na fama da yunwa. Kuma abincin da ya ruɓe a ƙarƙashin tulin shara yana fitar da iskar mitan, wadda ta fi hayaƙin kabon riƙe zafi a sararin samaniya nesa ba kusa ba.

Ɗan Jigawa:
Batun tumatir, ki gwada tukunya-cikin-tukunya irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukanmu, har ya samu lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama a cikin babba. Ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi safe da yamma, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan na bushewa yana janye zafin ciki. Da rani ta fi aiki, da damina ba sosai ba. Ta ɗanyen kaya ce fa, ba ta dafaffen abinci ba.

Ɗalibar aji biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, na yi wa 'yan ɗakinmu maganar karo-karon, biyu sun yarda, ɗayar ba ta cin yaji don haka tana shawara. Ran Asabar zan leƙa kasuwa wajen masu tukwane. Yashin, na gini zai yi, ko sai na rafi?