Ta ina mai son binciken almundahana zai fara daga ƙauye?

Ɗalibi daga Ringim:
Assalamu alaikum. Na kammala karatun aikin jarida, na dawo ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Ringim, kuma burina shi ne bin diddigin yadda ake karkatar da dukiyar jama'a. Ina tambayar magabata, shin wanda ba shi da uwa a gindin murhu, kuma ba ya zaune a Abuja, zai iya wannan aiki har ya ci abinci da shi?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, ɗana. Zamanka a ƙauye riba ce, domin kwangilar da aka rubuta an kammala, kai ne za ka iya takawa da ƙafarka ka ga ko akwai rijiyar burtsatsen ko babu. Ka fara da takarda. Ka duba kasafin kuɗin jiha, ka duba kason da ƙaramar hukumarku ke samu duk wata daga asusun tarayya, sannan ka nemi sunan kamfanin da aka bai wa aikin a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarka. Sau da yawa za a yi maka shiru, amma kwafin wasiƙarka mai hatimin karɓa hujja ce. Kada ka wallafa komai sai ka ji ta bakin wanda ake zargi.

Malama daga Bichi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai bai taɓo haɗarin ba. Bayan da a 2018 Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian ya fitar da bidiyon da aka yi zargin ya nuna gwamnan Kano na lokacin yana karɓar cin hancin daloli, zargin da gwamnan ya musanta, sai da Jaafar ya koma Birtaniya a 2021 saboda barazanar da ya ce ana yi wa rayuwarsa. Kai kuwa, ƙanena, wanda za ka rubuta a kansa wataƙila a sahu ɗaya kuke sallar Juma'a.

Tsohon Edita:
Haka ne, Malama, shi ya sa ba a yin wannan aiki ba tare da edita da lauya ba. Batun abinci kuwa, albashin ba ya taka kara ya karya, amma cibiyoyi irin su ICIR, cibiyar aikin jarida na bincike da ke Abuja, suna horarwa, suna kuma tallafa wa rahoton bincike. Kuɗin mota daga hannun ɗan kwangila dai, ɗana, kada ka karɓa.