Baƙin abin da ke cikin fensir, wane suna za mu ba shi?

Malam Hamidu, Garwa:
Assalamu alaikum, jama'a. Zane nake koyarwa, kuma akwai kalmar da nake nema. Mu nan kireyon muke cewa, 'yan'uwanmu na Najeriya su ce fensir, duk an gane. To baƙin abin da ke ciki fa? Faransawa girafit suke ce wa ma'adininsa. Mutanenmu da dama dalma suke cewa, ni kuwa ba na son wannan ya zauna a bakin yara, don babu dalma a cikinsa ko ɗigo.

Kuskuren ma daga Turai ya taso. A ƙarni na 16 aka gano tarin ma'adinin a Borrowdale, arewacin Ingila, makiyaya na yi wa tumaki alama da shi. Da aka ga baƙi ne mai sheƙi, sai aka zaci dalma ce. Sai a 1779 Scheele, masanin sinadarai ɗan Suwidin, ya nuna asalinsa ɗaya da gawayi.

Hajiya Asabe, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda danginsu ɗaya, a ce gawayin rubutu mana.

Malam Isa, Injamena:
Hajiya, a gafarce ni, gawayi ya riga ya sami aikinsa. Da shi da ƙaro almajirai ke haɗa tawadar allo, masu zane kuma suna da sandar gawayi ta gaske, wadda ke goguwa da yatsa. In muka haɗa su suna ɗaya, yaron da aka aika kasuwa zai dawo da wani abu daban.

Akwai kuma abin lura. Abin da ke cikin fensir ba zallar ma'adinin ba ne. A 1795 yaƙi ya hana Faransa samun na Ingila, sai wani Bafaranshe mai suna Conté ya niƙa wanda suke da shi, ya kwaɓa da yumɓu, ya gasa. Har yau haka ake yi. Yumɓu in ya yi yawa, rubutu ya yi tauri da haske, shi ne mai alamar H. In ya yi kaɗan, ya yi laushi da baƙi wuluk, shi ne B, wanda masu zana fuska ke nema. Kalma biyu ke nan muke bukata.

Malam Hamidu:
Allah ya ƙara sani, Malam Isa. Ma'adinin sai mu ce dutsen rubutu. Shi kansa sunan girafit, Werner Bajamushe ne ya raɗa a 1789 daga kalmar Girkanci ta rubutu, ba mu yi nisa da asali ba. Wanda aka kwaɓa aka sa cikin ice kuma, zuciyar fensir.

Hajiya Asabe:
Na yarda. Zuciyar fensir ta karye, kowace uwa za ta gane. Ranar Litinin zan fara da 'yan ajina.