Sadarwar ayarin kaya a hanyar Monguno: ina neman shawara

Mai Sito: Salamu alaikum. An ɗora mini kula da sadarwar ayarin da ke kai wa dakaru abinci da man dizal daga Maiduguri zuwa Monguno. A yanzu salula kawai direbobi ke riƙewa. Me ya kamata mu ƙara?

Tsohon Sigina: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka jingina da salula. A Mayun 2013 da aka kafa dokar ta-ɓaci an rufe layukan waya a Borno, Yobe da Adamawa, a 2021 aka maimaita a Zamfara. Ranar da aka ɗauke sabis, ba a ware motarka. Kowace mota ta sami oba-oba na VHF, wato rediyo mai gajeren zango, don magana a tsakaninsu. Ta gaba da ta baya kuma a sa musu rediyon HF, shi ke kai murya nesa ba tare da turken kowane kamfani ba.

Injiniya: Haka ne Baba, amma lissafin kaya ba ya tafiya yadda ake so a kan HF. Sito sai da VSAT, wato faifan da ke haɗa intanet ta tauraron ɗan'adam. In an ba ka zaɓi tsakanin nau'insa na C-band da na Ku-band, ɗauki C-band. Faifan Ku-band ƙarami ne, ga sauƙin ɗauka, sai dai ruwan Agusta na yanke shi.

Ɗan Gwoza: Starlink fa, intanet ɗin nan na tauraron ɗan'adam? Tun 2023 yake aiki a Najeriya, ga sauri.

Injiniya: Saurin kam akwai. Amma makunninsa na hannun kamfanin waje, kuma sai manya sun amince. Ni dai ba zan ɗora jadawalin ayari a kansa ba.

Hajiyar Lissafi: Duk kun tsallake wuta. Da aka karya turakun lantarkin Damaturu zuwa Maiduguri a farkon 2021, watanni garin ya yi a duhu. Janaretan da ke riƙe na'urorinku, man da ayarin ke kawowa yake sha. Ayari ya makara, sadarwa ta mutu. A sa sola da batir, a kuma naɗa mai share ƙurar faifan sola lokacin hunturu.

Mai Sito: Na gode Hajiya, zan sa batir a kasafi.

Tsohon Sigina: Ka ƙara da wannan: a gwada kowane rediyo kafin a tada mota, a tsayar da lokutan kira. Direban da ya saka lokacin tashi a WhatsApp kuwa, a sauke shi daga tafiyar.