Tukunyar mai ko filtar takarda: masu tsofaffin motoci, me kuka gani?

Mai Dunƙule, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da Volkswagen dunƙule mai injin 1600, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas, kuma har yanzu tana da tukunyar iskarta ta asali mai tare ƙura daga iskar da inji ke shaƙa, wadda ake zuba wa baƙin mai a gindi. Bakanikena ya matsa mini in cire ta a sa filtar takarda kafin hunturu ya kankama, wai ta mai ba ta kama ƙura mai laushi. Wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana tuƙa irinta kuma ya ce kada in kuskura. Wanda ya taɓa yin canjin nan da hannunsa, ko aka yi a gabansa, don Allah ya gaya mana yadda ta kaya.

Oga Panteka, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Bakanikenka da dattijon kowa da gaskiyarsa, sai dai kowa rabin magana ya gaya maka.

Tukunyar mai ba tace iska take yi kai tsaye ba. Iska na shigowa ta gangara ƙasa da gudu, sai ta yi kwana ta koma sama daidai kan man. Yashi da ƙura mai nauyi ba sa iya wannan kwanar, sai su faɗa cikin mai su nutse. Abin da ya rage ya bi ta cikin soson waya da ke sama, wanda feshin mai ya jiƙa, ya maƙale, man ya koma ƙasa da shi. To kun ga dabarar duk a kan gudun iska take. Idan mota na kan hanya tana jan wuta, tukunya na aiki sosai. Idan tana tsaye a silo, ko tana jan jiki a cunkoson cikin gari, iska ba ta da ƙarfin ɗaga mai zuwa soso, ƙura mai laushi na samun hanya. Takarda kuwa ba ruwanta da gudun inji, yadda take kamawa a silo haka take kamawa a guje.

Na yi wa mutane wannan canjin a Peugeot 404 da 504 da dunƙule. Waɗanda suka ji daɗi su ne waɗanda aka sa wa cikakken gida mai murfi da filta ta ƙwarai. Waɗanda suka dawo mini da inji yana hayaƙi, kusan dukkansu abu ɗaya ne: ƙaramar filtar nan mai sheƙi da ake ɗaurawa a bakin kafireta, babu gida babu komai. Kyau ne da ita a ido kawai.

Ɗan Damagaram:
Malam Oga ya faɗi abin da zan faɗa a kan mai sheƙin nan. Ƙanena ya sa wa 404 a-kori-kura tasa, yana jigila tsakanin Damagaram da Tanut. Lokacin buji da ya cire ta, sai ga ƙura a maƙogwaron kafireta, ka sa yatsa ka ji tana ƙaras-ƙaras. Tukunyar da ya cire tana nan a ajiye, ya wanke ta ya mayar.

Baba Mai Land Rover, Jos:
Ni dai ba zan canza ba, kuma ku yara ku saurari dalilina kafin ku ce tsoho ya ƙi zamani.

Land Rover ɗina Series III ce mai fetur, injin 2.25. Tukunyarta ba ta cin lita ɗaya ta mai. Idan na dawo daga ƙauye na kwance maƙallai, na sauke kwanon, na zubar da man, na kankare laka, na wanke soso da kananzir, na bar shi ya tsane, na zuba sabon mai daidai layi. Shi ke nan. Ban nemi kowa ba, ban je kasuwa ba. Duk inda aka sayar da baƙin mai, to an sayar da filtata. Turawan da suka ƙera motar nan don daji suka yi ta, kuma ba da wasa suka zaɓi wannan tukunya ba. Ku duba tsofaffin taraktocin Massey Ferguson da ke gonaki har gobe, da Marsandi 911, me ke jikinsu? Ita ce dai.

Abin da na yarda da shi, tukunyar mai tana hukunta malalaci. Idan laka ta taru a kwano ta cinye wurin mai, ko man ya yi kauri, to gwangwani kawai kake ɗauke da shi. Akwai masu motar da idan ka tambaye su yaushe rabonsu da buɗe ta, sai su yi ta kallonka. Irin waɗannan su sa takarda ya fi musu.

Hajiya Mai 504, Zariya:
Baba, ai ka ambace ni ba ka sani ba. Motar ta marigayi mahaifinmu ce, haɗin Kaduna, ni ke riƙe da ita, kuma gaskiya ba zan riƙa dama hannu cikin baƙin mai da kananzir ba. An samo mini gidan filta na wata 504 ta baya-baya a wurin masu kayan gwangwan, ya zauna daram ba a yanka komai ba. Ni abin da na lura da shi, gaban inji ya daina maiƙo, kuma man inji yana daɗewa kafin ya yi baƙi. Tukunyar na naɗe ta a leda na ajiye a sito, saboda ranar da za a so mota ta koma yadda mahaifinmu ya bar ta.

Baba Mai Land Rover, Jos:
Allah ya jiƙan mahaifi. Ajiye ta da kika yi shi ne daidai, 'yata. Kada ki bari 'yan jari-bola su gan ta.

Injiniya Yerwa, Maiduguri:
Bari in sa baki a kan ƙurar kanta, don ita ce asalin gardamar. Yashin hanya daban, hazon hunturu daban. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Abin da ya iya tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a sama bai sauka ba, ai kun san ba nauyi gare shi ba. Shi ne daidai abin da tukunyar mai ta fi rauni a kansa, tunda da nauyin ƙwaya take kama ta. Shi ne kuma yake toshe takarda da wuri. Kowace da inda hunturu ke kama ta: ɗaya ta bar wani abu ya wuce, ɗaya ta shaƙe.

Alhaji, a dunƙule akwai ƙarin magana. Injin nan ba shi da filtar mai irin ta sauran motoci, rariya ce kawai a gindi, kuma mansa gaba ɗaya lita 2.5 ne. Duk ƙurar da ta wuce zoben fistin ta shiga mai, yawo za ta yi ta yi a cikin inji har ranar juye. Shi ya sa a ganina dunƙule ta fi kowa cin moriyar takarda, idan an yi aikin da kyau. Volkswagen da kansu sun koma takarda a farkon shekarun 1970 a motocin da suka kai wasu ƙasashe, da baƙin gidan roba mai maƙallai. Idan ka samu irinsa, ka huta.

Mai Dunƙule, Kano:
Na gode Injiniya. Na zaga Ƙofar Ruwa ban ga irin gidan roban ba. Bakanike ya ce zai iya fafe tukunyar tawa ya zaunar da takarda a ciki. Akwai wanda ya yi haka?

Oga Panteka, Kaduna:
Ana yi, kuma shi na fi so ga mai son mota ta riƙe kamanninta, don daga waje babu mai ganewa. Amma ka sani idan aka yanka an yanka, ba komawa. Idan da hali ka sayo wata tukunyar ta gwangwan a yi aikin a kanta, taka ta zauna.

Kada a fara yanka sai an samu filtar tukuna. A auna cikin tukunya, a je kasuwa da awon, a nemi zagayayyar filta ta motar da ta cika gari, wadda ko a ƙaramin gari za ka samu. Na ga wanda aka yi wa aiki mai kyau a kan wata filta da aka tsinta guda ɗaya tak a shago, da ta ƙare aka rasa irinta. Bayan an samu sai a cire soson waya, a share bakin yankan, a yi faranti sama da ƙasa yadda idan an rufe murfi zai danne robar filtar ta ko'ina. Nan ne aikin yake. Iska ba ta son wahala, idan ta samu ɗan tsagi a gefe ta nan za ta bi, takardar ta zauna fes kana murna, ƙura kuwa tana shiga inji. A wanke burbushin ƙarfe da na walda tas kafin a ɗora a kan kafireta.

Sannan ramukan da iska ke shigowa ta wajen filtar su wadata. Wani sai ya cusa filtar da ta cika tukunya maƙil, babu sarari a gefe, mota ta riƙa shaƙewa a hawa.

Ɗan Damagaram:
Ga gwajin da muke yi a nan. A shafa giris kaɗan a cikin wuyan da ke tsakanin filta da kafireta, a yi tafiya a hanyar ƙasa, a dawo a taɓa. Idan ya yi tsaki-tsaki, akwai inda take yoyo. Ko tukunyar mai ce gwajin yana yi.

Malam Na Tasha, Katsina:
Ba wanda ya yi maganar tiyon numfashi. A dunƙule akwai tiyo da ya taso daga wajen zuba mai ya shiga tukunyar iska. Tukunyar mai ba ta damu da tururin man da yake kawowa ba, abincinta ne. Takarda kuwa idan ta jiƙe da mai ta mutu, ƙura ta manne ta zama taɓo. Maƙwabcina injinsa ya ɗan gaji yana hura mai, sabuwar filta ba ta yi nisa ba ta yi baƙi ƙirin, mota ta koma shan fetur. Sai da aka sa ɗan gwangwani a tsakiyar tiyon yana tare man. Kuma kada wani ya ce maka a toshe tiyon, inji zai nemi hanya ta sil da gaskit, ka koma ɗigar mai ta ko'ina.

Injiniya Yerwa, Maiduguri:
Haka ne Malam. A ƙara da duba fulogi bayan canji. Idan sabuwar filta ta fi sakin iska, fetur na iya yin ƙaranci a gauraye, kuma inji mai sanyaya da iska ba ya yafe wannan, zafi yake ɗauka. Masu dunƙule sun san silinda ta 3 ce ke fara ƙona bawul. Bakin fulogi ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Idan ya yi fari fat a koma kan kafireta a daidaita.

Direban Agadas:
Mu a nan masu Land Rover da Toyota na dizal maganarmu ta ɗan bambanta. A kan tudun rairayi mota na karkata sosai, man tukunya na iya tuntsurewa ya bi iska. A fetur hayaƙi kawai za ka gani. A dizal kuwa inji na iya kama man nan ya riƙa ci, ya yi ta ƙara wuta, ka kashe makulli bai mutu ba. Na ga haka a garaji, yaron gida ya cika tukunya ta wuce layi, sai da aka toshe bakin iska da katako kafin ya tsaya. Kowa ya watse a wurin.

Yawancinmu yanzu babban gida muke sawa irin na kamfanin Donaldson, mai juya iska ya watsar da yashi tun kafin ya kai ga takarda, da 'yar roba a gindi da ake matsawa ƙura ta zubo. Mu ɗaga bututun shaƙa zuwa saman gilashi, inda ƙurar taya ba ta kai sosai. Da filta ta biyu a bayan kujera kullum. A dunƙule ba na jin akwai wurin da babban gida zai zauna, wannan sai ku masu ita.

Baba Mai Land Rover, Jos:
Filta ta biyu a bayan kujera. To kun ji da kunnenku. Ni galan ɗin man da ke mota ya ishe ni.

Oga Panteka, Kaduna:
Baba ba za a kayar da kai ba. Amma akwai wurin da nake bayanka ɗari bisa ɗari, wato jabu. Kasuwa ta cika da filtar da kwalinta ya fi cikinta kyau. Ta ƙwarai tana da nauyi a hannu, ninkin takardarta da yawa kuma a jere, robar bakinta da taushi. Ta jabu ninkin tsiraru ne, gam ɗin a bushe, wata tun a shago za ka ga haske ta gefe. Ka sa fitilar waya a ciki ka duba, duk inda haske ya fito kamar tsinin allura, rami ne. Tsakanin filtar jabu da tukunyar mai da ake wankewa, ni tukunyar zan ɗauka ba tare da tunani ba.

Sai masu faci. Mutum ya cire filta ya miƙa a busa masa da iskar taya, yaro ya manna bakin tiyo a jikin takarda daga waje. Ƙurar ya ƙara turawa ciki, wani lokacin ya fasa ta. Idan dole sai an busa, daga ciki zuwa waje, da iska kaɗan, daga nesa. Ruwa kuwa ko kusa, har wajen wankin inji a rufe bakin shaƙa da leda.

Hajiya Mai 504, Zariya:
Wannan na masu wankin mota ya taɓa samuna. Sun feshe gaban inji, mota ta ƙi tashi, da aka buɗe filtar ta yi laushi ta lotsa. Tun daga nan a gabana ake wankewa.

Mai Dunƙule, Kano:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Tunda yawancin tafiyata cikin gari ce, zan bi shawarar Oga: in nemi tukunya ta biyu a fafe, tawa ta asali in ajiye kamar yadda Hajiya ta yi. Kafin nan yau zan buɗe kwanon in wanke in sa giris ɗin Ɗan Damagaram, in ga abin da take bari yana wucewa. Oga, kafiretata Solex 34 PICT-3 ce. Idan tukunyar da na samu ta tsohuwar 1200 ce, za ta zauna?

Oga Panteka, Kaduna:
Ba za ta yi maka ba Alhaji, ta yi ƙanƙanta, ba za ka samu filtar kirki da za ta shiga cikinta ba. Nemi ta 1600, ka tabbata ta zo da ƙafarta da ke ɗaure ta a jikin inji, don kada nauyinta ya zauna a wuyan kafireta. Ka tafi da taka kasuwa ka gwada su gefe da gefe kafin ka biya.