Shawarwarin da na tattaro kan tada tsohuwar Peugeot 504 Coupé

Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a wani gareji a Garwa, ni da makanikai uku da wani dattijo mai walda, kan 504 Coupé ɗin da kawuna ya bar mini, wato samfurin 504 mai ƙofa biyu. Shekara da shekaru tana kwance ƙarƙashin darbejiya.

Bakinsu ya zo ɗaya kan tsatsa. Baba mai walda ya kwanta ƙarƙashinta, ya soka sukundireba a daɓen wajen direba, sai ga shi ya huda kamar takarda. Ya ce: "Ɗana, kada ka lulluɓe wannan da foti (abin da ake shafawa a cike ramukan jikin mota). A yanke, a sa sabon ƙarfe." Gabana ya faɗi, don na fi son in fara da fenti.

Inji bai dame su ba. Nawa mai silinda huɗu ne, dangin na 504 ɗin da muka saba gani, kayansa na samuwa. Jiki ne matsala: kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana shi, ya fito 1969, fitilu da gilasansa daban ne. Don haka suka ce kada in yar da komai.

Sauran: gyara takardu tukuna, birki kafin gudu, wanke tanki, ɗauki hoton duk abin da na kwance.

Kan kuɗi ne suka saɓa, har magariba ta raba mu.