Ya ake sanin lokacin duba tsaga a jikin jirgin sama?

Ɗan Lugbe: Assalamu alaikum. Kullum jirage na wucewa ta kanmu zuwa filin Nnamdi Azikiwe. Na ji ƙarfensu kan tsage a hankali. Ya ake sanin yaushe za a duba?

Baba Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗana. Tashi da sauka muka fi ƙirgawa. Duk tashi jikin jirgi kan kumbura da matsin iska, ya sauka ya saki, tsaga ta faro daga ramukan ƙusoshi. Amma jirage biyu ƙira ɗaya ba sa tsagewa tare, shi ya sa ake lissafin yiwuwa. Kwamfuta ta gwada dubban yanayi: girman tsagar farko, nauyi, har yiwuwar ta kuɓuce wa mai dubawa (wannan ya fi damuna, ido kan gaji). Sai a tsara dubawa yadda in ta tsere sau ɗaya, a kama ta kafin ta kai girman haɗari.

Maman Hanifa: Baba, jirgin kamfanin Aloha na Amurka na 1988 fa, da rufinsa ya yaye a sama?

Baba Injiniya: Ya yi tashi da sauka kusan 90,000. Ƙananan tsagogi ne suka haɗe.