Neman Shawara: Hanya Mafi Araha ta Biyan Kuɗin Jirgi Daga Barking Zuwa Tsakiyar Landan

Sabuwar Zuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Barking, wato shiyya ta 4 a tsarin kuɗin jirgin Landan, kuma na samu aiki a cikin shiyya ta 1, wato tsakiyar gari. Kwana uku kawai nake fita a mako, ranakun kuma suna sauyawa bisa jadawalin da aka fitar, wani lokaci in fara da sassafe, wani lokaci sai bayan azahar. Shekaruna 28, kuma gidanmu yana kusa da tasha, saboda haka ba na shiga bas. Shin in ci gaba da dangwala katin banki, ko in sayi Travelcard, wato tikitin hawa ba iyaka a shiyyoyin da aka zaɓa, na mako ko na wata?

Tsohon Zama: Wa alaikumus salam, 'yata. Babu abin da ya kai tikitin shekara sauƙi, domin kuɗin mako 40 za ki biya ki yi tafiyar mako 52. Wuraren aiki da dama suna ba da rancen kuɗinsa ba tare da ruwa ba, a riƙa cirewa daga albashi kaɗan-kaɗan.

Maman Biyu: Alhaji, da girmanka, amma wannan rancen shi ya jefa ni cikin halin da ba zan manta ba. Na karɓe shi a wurin aikina na farko, na sayi tikitin shekara, ina ganin na yi dabara. Shekarar ta yi nisa sai aka ce za a rage ma'aikata, sunana kuma yana ciki. A albashin ƙarshe suka kwashe ragowar bashin gaba ɗaya, ga kuɗin haya yana jirana, ga yara biyu. Na ɗauki tikitin na je neman a mayar mini da abin da ya rage, ina lissafin watannin da ban yi amfani da su ba. Ashe ba haka ake yi ba. Ana lissafa abin da da za ka biya in da tikitin wata da na mako ka riƙa saye, sannan a ba ka bambancin, wanda ke nufin rangwamen nan da ake kwaɗaita wa mutane yana cikin makonnin ƙarshe ne, kuma bayan wata goma da 'yan kwanaki tikitin ba shi da sauran daraja. Abin da aka miƙo mini bai isa cefanen mako biyu ba. Har yau idan na wuce ƙofar wannan ma'aikatar sai na ji raina ya ɓaci.

Ɗan Stratford: Allah Ya mayar da alheri, Anti. Amma ai ba su da ikon kwashe kuɗin a lokaci guda.

Maman Biyu: Yana rubuce a takardar da na sa wa hannu, ƙanena.

Malamin Lissafi: Mu koma kan tambayar. Travelcard na mako daga shiyya ta 1 zuwa ta 4 fam 58.50 ne.

Ɗan Stratford: Malam, wannan farashin 2023 ne. A watan Maris na 2025 ya koma fam 64.20, kuma kusan kowane Maris sai an taɓa shi.

Malamin Lissafi: Na karɓi gyara, sai dai hakan ƙara ƙarfafa maganata ya yi. Tafiya ɗaya daga Barking zuwa tsakiyar gari a lokacin cunkoso ba ta kai fam 5 ba a wannan farashin. Tafiya shida a mako ke nan ba za ta kai fam 30 ba, ƙasa da rabin kuɗin tikitin mako. Tikitin mako an gina shi ne a kan wanda ke fita kwana biyar yana kuma yawan hawa da sauka. Ko da wani mako ya zo mata da yawan zirga-zirga, akwai iyakar kuɗin da ba a wucewa a rana idan da kati ake dangwalawa, akwai kuma ta mako daga Litinin zuwa Lahadi, da zarar an kai ta sauran tafiye-tafiyen kyauta ne. Sharaɗin shi ne ta tsaya a kan abu guda, domin idan ta shiga da waya ta fita da katin da ke jaka, na'urar tana ɗaukarsu a matsayin mutum biyu, kowanne a caje shi kuɗi mafi tsada.

Tsohon Zama: Ina garin nan tun kafin a fito da katin Oyster, wanda ake zuba wa kuɗi a riƙa dangwalawa, a 2003, lokacin da tikitin takarda muke riƙewa. Wanda ya zo jiya ba zai koya mini shiga jirgi ba.

Ɗan Stratford: Ranka ya daɗe, kai da ka haura 60 kake yawo da katin dattawa kyauta, yaushe rabonka da sanin farashi? Mu dai ka sa mu a addu'a mu kai shekarunka, shi ne rangwamen da ya fi kowanne.

Ɗalibar Digiri: Babu wanda ya kula da shekarunta. Tana iya sayen Railcard, wato katin rangwamen jirgi, na masu shekara 26 zuwa 30, ta je tasha ma'aikaci ya ɗora mata shi a kan Oyster, ta samu ragin kashi ɗaya cikin uku a lokutan da ba na cunkoso ba. Lokacin cunkoso daga 6:30 zuwa 9:30 na safe ne, da 4:00 zuwa 7:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuma lokacin da aka dangwala katin shiga ake dubawa. Wanda ya wuce ƙofa da ƙarfe 6:25 ya tsira. Ranakun da take farawa bayan azahar su ne za su biya mata kuɗin katin.

Sabuwar Zuwa: Na gode ƙwarai. To idan na yi haka, sai in ajiye katin bankin ke nan in koma Oyster gaba ɗaya, har da ranakun safiya?

Mai Aikin Jinya: Ku da kuke zuwa wuri ɗaya ku dawo ai kuna cikin ni'ima. Mu masu kula da tsofaffi a gidajensu, a yini guda sai mutum ya zaga gida biyar, kamfanin da nake yi wa aiki kuma ba ya biyan ko kwabo na kuɗin hanya. Bas nake bi, fam 1.75 a farashin 2025, in yi ta sauri in sake hawa wani kafin awa ɗaya ta cika don kada a sake cira.

Maman Biyu: Namu kamfanin ya ce zai biya, amma sai an kawo shaidar kowace tafiya, ka buga ka kai, a ce maka wata mai zuwa. Wanda ya taɓa karɓar nasa a hannu ya faɗa mana ta wace ƙofa ya bi.